Gyaran Muryar Babanmu

Ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo a unguwar Lugbe da ke Abuja ba ta san wani abu wai shi rubutaccen labari ba. Duk Lahadi bayan la'asar mukan haɗu a harabar wata makarantar firamare, mu ja bencina gefe, shi ke nan an samu dandali. Shugabanmu, wani malamin makaranta da muke kira Oga Darakta, zai ba da labarin da baki, ya nuna mutum da yatsa ya ce, "Kai ne uba, ke ce 'ya, ku fara." Abin da za ka faɗa kuwa ruwanka ne. Dokarsa ɗaya ce: kada ka ƙirƙiro mutum, ka ɗauko wanda ka sani.

A lokacin, Abuja sai kumbura take yi. Ana faɗaɗa titin filin jirgi, gidaje na tsirowa inda bara gonar doya ce, mu ma muna ganin saura ƙiris a gan mu a talabijin. Ni maƙwabciya mai gulma kawai ake ba ni, kuma ba yabon kai ba, na iya ta. Amma mai baiwar gaske ƙanena ne. Yaron da a gida sai ka yi da gaske kafin ka ji muryarsa, da ya hau dandali sai ya zama wani mutum daban.

Umma ba ta son abin ko kaɗan. Babanmu bai daɗe da rasuwa ba, jarrabawar gama sakandare na gaban yaron, ita kuwa gani take muna ɓata lokaci ne a shirme. Da muka dame ta da magiya sai ta ce, "Zan zo sau ɗaya in gani. In shashanci ne, daga ranar ya bari." Umma ba ta magana biyu, kuma ƙanena ba shi da wani abin da yake so a duniya kamar wasan nan.

Sai aka ba shi matsayin uba: ma'aikacin gwamnati mai tsauri da ke dawowa daga ofis ya tarar da gida a hargitse. To, wane uba ya sani? Ya ɗauko Baba ɗungurungum. Doguwar gyaran muryar nan da yake yi a bakin ƙofa kafin sallama, yadda yake cire hula ya kifa ta a gwiwa ya sosa ƙeya, da tambayarsa ta kullum, "Wa ya bar fitilar nan a kunne?" Ranar farko da na gani gabana ya faɗi, daga baya na yi dariya har da hawaye. Yau da gobe muka saba. Ya zama uban wasa kawai, har sauran yara na kwaikwayonsa a hanya. A cikinmu babu wanda ya tuna wace ce za ta zauna ta kalla.

Ranar wasa da yamma harabar ta cika: iyaye, masu shago, 'yan acaba da suka ajiye baburansu a bakin katanga. Ta bayan zanen gadon da muka rataya a matsayin labule na hango Umma a layin ƙarshe, ta lulluɓe da mayafi. Ƙanena bai ma fito ba tukuna, daga ɓoye ya yi gyaran muryar. Ina kallo Umma ta yunƙura kamar za ta tashi, sai ta koma ta zauna.

Jama'a kuwa dariya suke kamar cikinsu zai fashe. Wani mutum ya ɗaga murya ya ce wallahi ogansa ne sak. Umma ba ta yi dariya ba, ba ta kuma kau da kai ba. Ana tafi ta miƙe ta wuce gida, ba ta jira mu ba.

A hanya ƙanena ya ce, "Yaya, shi ke nan ko?" Na ce ya yi shiru, don ni ma haka na zata.

Mun same ta a falo tana tsince shinkafa a faranti. Muka zauna a ƙasa. Sai ta ɗago ta kalli ƙanena.

"Ka iya," in ji ta. "Ban san ka iya haka ba. Ka ci gaba da wasanka, muddin ba ka saki karatu ba."

Ya buɗe baki zai yi godiya, ta ɗaga masa hannu.

"Amma babanku ka bar min shi. Yau na ga mutanen da ba su san shi ba suna yi masa dariya. Ba laifinsu ba ne, ba naka ba ne. Ni ce ba zan iya ba. Ka nemi wani uban."

Ya ce to. Na ji tausayinta ya kama ni, na kuma ji kunya, don da ni aka yi dariyar tun farko. Na tashi zan karɓi farantin, sai ta riƙe shi, ta dubi ƙanena.

"Kafin ka bari," ta ce a hankali, "fita waje ka shigo min sau ɗaya. Yadda ka yi ɗazu."

Ya fita ya ja ƙofa. Muka ji takun takalmi, sannan gyaran muryar, sannan sallama. Umma ta ajiye farantin, ta gyara ɗankwalinta, ta amsa, ta ce, "Sannu da dawowa."

Ƙanena ya daɗe tsaye a waje bai shigo ba.