Furen Filasko Daga Cikin Harami

Shekarar da aka yi ruwa mai yawa a Makka, duwatsun bayan unguwar Kudai suka yi kore shar. Mu masu dakon kaya a tashar motocin Kudai muka riƙa tsayawa muna kallo kamar ba garinmu ba. Masu mota suna ta fita da iyalansu ɗaukar hoto.

Inna tana kwance a ɗakinmu na unguwar Hindawiyya, idonta ya tafi, ƙafafunta sun kumbura. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana. Da maƙwabta suka ba ta labari, ta ce, "Kai wannan, wai har filasko ya yi fure?"

Na ce ya yi, rawaya ko'ina.

"Rabona da shi tun ina kiwon awaki a gida. Ka samo mini in taɓa. Amma ka fita bayan alamar Harami. Ciyawar garin nan ba a cire ta, ka sani."

Na sani. Tun da ta zo aikin Hajji ta zauna, ko fara ba ta taɓa kashewa a Makka ba. Sai dai kowace hanyar fita akwai taftish, inda 'yan sanda ke duba takardu, ni kuwa ba ni da iƙama, takardar izinin zama. In aka kama ni, wa zai juya ta a shimfiɗa? Haka na riƙa gaya wa kaina. Gaskiya tsoro ne ya fi yawa. Wasu irina sun bi ta kwari a ƙafa sun dawo lafiya.

Kullum ta ji motsin ƙofa sai ta miƙo hannu. Kullum in ce gobe. Rana ta fara zafi, koren ya soma komawa ruwan ƙasa, numfashinta kuma yana gajarta.

Wata la'asar na hau dutsen bayan tasha, na waiga dama da hagu, na tsinke reshe mai fure na cusa cikin riga.

Ta shafa ganyen ɗaya bayan ɗaya, ta kai hanci. "Daga ina?"

"Can hanyar garin Laisu, Inna. Bayan alama."

"Ka wuce taftish?"

"Na wuce."

Ta yi dariya har da tari. "Ashe matsoracin nan yana da zuciya." Ta sa aka saka reshen a kofi kusa da kanta. Duk wadda ta zo dubiya sai ta ce mata, "Taɓa ki ji. Babu iƙama ya fita ya kawo mini." Tana sa mini albarka, ni ina jin kamar ana ɗora mini garwashi.

Na yi niyyar faɗa mata sau da yawa. Ranar da bakina ya buɗe, ta riga ta daina magana. Na durƙusa a kunnenta na ce, "Inna, a Kudai na cire shi. Ƙarya na yi miki. Ki yafe mini." Yatsunta suka motsa a kan busasshen reshen. Ban san ko ta ji ba.

Malamin masallacinmu ya ce laifin cirewar nawa ne ni kaɗai, in yi istigfari. Ina yi. Na tambaye shi albarkar da ta sa mini a kan ƙarya fa, tana nan ko babu? Ya ce Allah ne Masani.