Ranar da Sarkin Aska Ya Ga Jininsa

Ku da kuka san maigidana, Sarkin Askan Hawandawaki, kun san ba ya gaida mutum ta fuska. Ƙeya yake fara dubawa. Kana miƙa masa hannu, shi ya zagaya bayanka yana kaɗa kai: "Mataccen jini! Zo gobe da hantsi in sa maka ƙaho." Ciwon kai, ƙaho. Ciwon baya, ƙaho. Har mai awon gujiya, da suka yi gardama kan sikeli, cewa ya yi jini ne ya rufe masa ido. Yau kwana arba'in da rasuwarsa. Kuka nake, wallahi, amma da na tuna shi sai dariya ta ƙwace mini.

Bayan samun mulkin kai, lokacin da gujiya ke da daraja, na haifi ɗiyarmu ta uku, jiri ya kama ni. In na ɗaga taɓarya sai ƙasa ta juya. Ya sa mini ƙaho har sau uku, kullum ƙara fari nake. Yayana Ilu ya zo, ya ja fatar idona ya duba, ya ce, "Sarki, ko ka kai ta gidan likita a Tasawa, ko in kai ta."

"Wurin yaran da ba su taɓa riƙe aska ba?"

"Can dai."

Mu uku muka hau motar gujiya, bisa buhuna. Maigida ya rungumo zabirarsa, wai ko likitan zai nemi aron kayan aiki.

Likitan, wani siririn mutum mai haƙuri, ya ce sai ya ɗebi jinina an auna. Maigida ya tsaya tsakaninmu.

"Mushe likita, kamar yaya za ka ɗiba?"

Ya nuna masa 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba.

"Wannan? Sauro ma ya fi ka aiki! Allurar fa, wa ka soka da ita?"

"An tafasa ta, Baba."

"In wurin ya kumbura?"

"Yakan ɗan yi baƙi, ta danne da auduga, ya baje. Wasu kuma jiri kan ɗebe su, shi ya sa nake zaunar da mutum."

"Ragwaye ke nan. Fara da ni! Ba a taɓa matata Tabawa da ƙarfen da ban ɗanɗana ba. Kuma a tsaye!"

Likita ya yi magiya, maigida ya ƙi zama. Likita ya ɗaure masa dantse da roba, ya goge wurin, ya soka. Jini ya fara hawa. Mutumin da ya shekara ashirin yana fitar da jinin gari, ashe bai taɓa kallon nasa ba! Ya ce, "Kai, wannan jinina ne?" Sai rim! Ya zube, ƙahonni suka watse har ƙarƙashin gado. Ni marar lafiya ni ke yi masa fifita da bakin zane.

Da ya buɗe ido ya ce, "Sujada na yi."

Ilu ya ce, "Da ƙeya ake yin ta yanzu?"

Aka ɗebi nawa, ko cizon cinnaka bai kai ba. Da la'asar likita ya ce jinina ya yi ƙaranci ƙwarai. Ya ga tsagar ƙaho a bayana, ya ce a hankali, "Baba, ɗan abin da haihuwa ta bar mata kake kwashewa."

Maigida ya tattara ƙahonninsa, muka koma gida.

Daga nan, kowace ranar kasuwa sai ya shigo da hanta, ya gasa da hannunsa, ya zauna yana gadina har in cinye, sannan ya miƙo ƙwayoyin likita. In an tambaye shi ya ce, "Maganin kakana ne. Yaron Tasawa a bakina ya ji shi." Na warke, na ƙara haihuwa huɗu. Ƙahonsa bai sake taɓa bayana ba.

Hantar nan kuwa bai fasa kawo ta ba, har muka tsufa, ba mai haƙoran tauna a cikinmu. Ranar kasuwar da ta wuce, sai da na hura wuta na tuna ba mai shigowa.

Ya Allah ka ji ƙansa, ka yafe masa, ka sanyaya masa makwanci. Amin.