Fim ɗin Fatalwa da Zanen Zumunta

Shekara guda bayan an kashe mijina a hanyar Kachia na fara kallon finafinan fatalwa na ƙasar Thailand. Wata malama da muke koyarwa tare a Kafanchan ce ta turo min ɗaya a waya, wai na Chanis ne, in rage kewa. A wurinta duk fim ɗin da ba na Indiya ba, Chanis ne. Na zata duka da tsalle zan gani. Sai ga gidan silima cike da 'yan kallo, wata matacciya zaune a tsakiyarsu, tana jiran wanda ya kashe ta ya waiwayo.

Ban ji tsoro ba, hassada na ji. Mijina ya tafi sayen citta, aka dawo min da shi a bayan akori-kura. Ba a kama kowa ba, ba a ma ambaci sunan kowa ba. Ga kuma wata ƙasa, ko da a fim ne, inda mamaci ke tashi ya bi haƙƙinsa da ƙafarsa. Na nemo wasu. In an tashi makaranta sai in zauna a aji ina kallo, in fatalwa ta cafke mai laifi in ce, "Yauwa!"

Wani ya leƙo ta taga ke nan, magana ta kai coci. Ran Alhamis bayan taron zumuntar mata, matar fasto, wadda ita ce shugabarmu, ta ja ni gefe.

"Malama, an ce kina kallon fim na dimon, na aljanu. Wannan abu bai da kyau fa. Ki dilit shi a gabana, ko ki ajiye yunifom sai kin tuba."

Ta san inda za ta taɓa. Matan nan su suka yi girki ranar bison mijina, su ke leƙo ni har yau. In na ajiye zanen zumunta, wa ya rage min?

Na ce, "Mama, mutanen fim ɗin nan suna samun shari'a. Ita kaɗai nake kallo."

"Ramako na Ubangiji ne. Ki yafe musu."

"In yafe wa wa, Mama? Ki ba ni suna ɗaya."

Ta kau da kai, ta miƙo hannu in ba ta wayar. Ni da kaina na goge su duka, tana tsaye a kaina. Sannan ta yi min addu'a doguwa, ta kori ruhohin Thailand ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka tare hanyar Kachia kuwa ko sau ɗaya ba su shiga addu'ar ba.

Ran Lahadi na ɗaura zanena na shiga layi. Waƙar gafara aka zaɓa, aka kuma ce ni zan bayar, tunda ni ce gwauruwa. Na bayar, suka amsa, har da guɗa.