Uwar Tana Ta Ajiye Alli

Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar makaranta, Malama ta iso da ɗan bokitinta: ɓawon ayaba, ganyen shayin da aka tace, dakakken ƙwanson ƙwai. Ƙuryar aji take wucewa, inda akwatinta na katako na kiwon tana yake. Ta ɗaga jiƙaƙƙen buhun da ke rufe da shi, ta damƙi ƙasar ta matse. In ruwa ya ɗiga sau biyu, to tanar da ke ciki ta kwana lafiya. Shekara ashirin da uku tana wannan, kuma bango ɗaya ya raba ajina da nata, ba labari aka ba ni ba.

Gefe ɗaya na akwatin gilashi ne. Ta nan yara ke ganin yadda tana ke cinye shara ta mai da ita baƙin taki, kowa na rubuta abin da ya gani. Akwai yarinyar da ta yi zango guda ba a ji muryarta ba. A gaban gilashin nan ta fara magana, wai ɓawon da ta kawo ya ɓace, a nemo mata.

Mu abokan aikinta kuwa, da me muka saka mata? Suna muka raɗa mata, Uwar Tana. Har da ni aka yi dariyar.

Bara aka ce masu duba makarantu za su zo. Shugaban makaranta ya tsaya a bakin ƙofarta yana toshe hanci.

"Malama, wannan ƙazantar ba za ta ba ni kunya a gaban baƙi ba."

"Ranka ya daɗe, ba ya wari. Matso ka sunsuna."

Bai matso ba. Ranar Juma'a, tana tafiya gida, ya sa aka kai akwatin bayan banɗaki, aka yaye buhun wai ya sha iska. Duk ɗan ajinta ya san rana na kashe tana, shugaba ne kaɗai bai sani ba. Ina tsaye aka wuce da shi, na ja bakina na yi shiru, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ranar Litinin ta durƙusa tana tona busasshiyar ƙasa da yatsu, yara na kuka a bayanta. Sha ɗaya ta samu da rai. Baƙin suka zo suka yaba furannin bakin ofis, waɗanda takinta ya raya. Shugaba ya yi murmushi ya ce ƙoƙarin hukumar makaranta ne. Ƙoƙarin wa, don Allah?

Malama, ke ce ba ki yi zuciya ba. Da sha ɗayan nan kika sake cika akwati. Ke ce kika koya wa 'ya'yan mutane su duba abu da kyau kafin su kira shi ƙazanta, darasin da manyanmu suka kasa ɗauka.

Makon jiya ta yi ritaya. A taron sallama ko sau ɗaya ba a ambaci akwatin ba, sai sanarwar cewa kabad za a sa a wurin, shi kuma a kai shi bola. Ta tambayi wanda zai riƙa a cikinmu, kowa ya sunkuyar da kai. Sai ta sa yara suka kawo gwangwanaye, ta raba musu tanar damƙi-damƙi su kai gida. Da ya rage damƙi ɗaya, ta juyo ta dube ni.

"Malama, na ga bayan ajinki akwai inuwa."

Mun gode, Malama, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma malamai, in akwai irinta a makarantarku, ku tsaya mata tun tana nan, kada ku yi irin shirun da na yi.

Akwatin bai je bola ba, yana bayan ajina yanzu, da damƙin nan a ciki. Shugaba bai sani ba, sai in ya karanta wannan. In yana da magana, ya matso ya sunsuna tukuna.