Siket ɗin da Aka Saki Sau Uku

Auta ba ta ɗinka sabon kaya. Shekara goma sha takwas ke nan tana zaune a wani shago mai faɗin tabarma biyu, tsakanin mai gyaran takalma da mai sayar da fenti, kuma duk abin da ya ratsa ƙarƙashin allurarta wani ya riga ya ɗinka shi, wani ya riga ya sa. Aikinta gyara ne. Ta rage, ta saki, ta canja zif, ta toshe inda dutsen guga ya ci. Teloli masu yanka sabon yadi suna yi mata kallon 'yar tsince-tsince. Ita ko a jikinta, don ta san duk tela mai cika baki, wata rana aikinsa zai zo gabanta a juye.

Juyawar nan ita ce sana'ar. Inna ce ta koya mata, tun tana taka gwangwani kafin ta kai tebur.

"Kada ki yarda da riga sai kin juya ta," in ji Inna. "Waje na mutane ne, ciki na tela."

Auta ta riƙe karatun fiye da yadda malamar ta yi nufi. Da ta juya riga sai ta karance ta tas: nan aka saki lokacin da aure ya karɓi mai ita, nan aka rage bayan jinya, wannan kuma ita ce aka ce wa miji sabuwa ce. Zare yana fita, sawun allura ba ya fita. Ba ta taɓa gaya wa kowa abin da ta gani ba, shi ya sa matan unguwa suke cewa tana da kirki. Gaskiyar magana, yawanci fil ne a bakinta.

Su biyu ne a ɗakin Inna, ita da Yaya, tsakaninsu shekara goma sha biyar. Kowa a layinsu ya san tarihin. Inna ta fid da rai da haihuwa, sai ga ciki. Laulayi ya yi tsanani, aka kai ta gidan Gwaggo, ƙanwar Baba, a wani gari mai nisa, Yaya kuma ta ajiye makaranta zango biyu don ta yi jinyar uwarta. Da wannan labari iyayen layin suke gorin 'ya'yansu mata in sun ƙi wanke-wanke. Har hoto akwai a falo, Inna cikin koriyar riga mai furanni, ta dafa ciki, tana kallon mai hoton kamar ya taka mata ƙafa.

Yaya ta koma makaranta, ta yi gaba, ta zama malama, ta zama shugabar makarantar 'yan mata. An san ta da tsayawa bakin ƙofa da rula tana auna tsawon siket. Auta kuwa tana da sha shida idon Inna ya fara rauni, aka ce ta zauna kan keken ɗinki na ɗan lokaci. Ta je ta roƙi Yaya har da kuka, ta ɗauke ta ta ƙarasa karatu a wurinta. Yaya ta kalli bango ta ce, "Inna na bukatarki. Ke ce auta." Ɗan lokacin bai ƙare ba har yau. Daga baya ciwo ya kwantar da Inna shekara tara, Auta ce ɗagawa, ita ce kwantarwa. Yaya takan zo ranar Asabar da ledar lemo, ta zauna a gefen kujera, ta daɗe tana kallon Auta, sannan ta ce, "Ɗankwalinki ya karkace." Auta ta ɗauka haka yayye masu ilimi suke nuna ƙauna.

Da Inna ta rasu, masu gaisuwa suka watse, saura Gwaggo da ba ta cika gaggawar komawa gida ba, Yaya ta shiga ɗakin marigayiyar ta rufo ƙofa. Ta yi awa biyu tana bin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Ta fito da 'yan takardu a jaka, ta ce, "Sauran tsummokara ne. A ba mabukata yadda suke, kada ki wahalar da kanki."

Nan aka yi kuskure biyu. Na Inna shi ne tela ba ya iya zubar da yadi mai kyau, ko da yadin zai kai shi ƙara. Na Yaya kuma, ɗan boko takarda kawai yake tsoro.

Auta ba za ta ba mabukaci riga marar botin ba, mutuncin shago ne. Washegari da hantsi ta baje kayan a kan tabarma, tana ɗauka ɗaya ɗaya tana juyawa. Can ƙasa ta ci karo da siket ɗin makaranta, shuɗi, an ɗinka lambar ajin Yaya a cikin ƙugu. Ɗinkin Inna ne, ba tambaya, don ita ce take komawa baya sau biyu a kowane taki na goma. Layin sawun allura uku ne a ƙugun, kowanne ya fi na bayansa faɗi. An saki siket ɗin sau uku. Wannan ba komai ba ne, yara suna ƙiba. Sai dai yarinyar da ta yi ƙiba takan yi ta gaba da baya, wannan kuwa gaba kaɗai aka saki, bayan yana nan yadda aka yanka shi. An kuma sauke kalmasar gaban da inci biyu, don bakin siket ya tsaya daidai ko da wani abu ya ɗaga shi.

A ƙarƙashinsa koriyar rigar hoton falo take. Auta ta juya ta. A jikin shafin da ke ciki an ɗinka wani babban aljihu, daga ƙirji har ƙasan cibiya, bakinsa a gefe da botin uku. A kusurwoyinsa har yanzu akwai ɓurɓushin auduga. Shi ma layi uku ne. Ta ɗauko tef ta auna, ta sake aunawa. Duk incin da aka ƙara wa siket don ya ɓoye, an ƙara wa aljihu don ya nuna.

Abin da ya fara zuwa mata shi ne yabo, don aikin ya yi kyau ƙwarai. Sai bayan nan ta gane cikin wa aka ɓoye, cikin wa kuma aka cusa da auduga.

Gwaggo tana tsakar gida tana tsefe kai. Auta ta ajiye mata kayan biyu a cinya, a juye. Tsohuwar ta kalla, ta ci gaba da tsifa.

"Wa ya ce ki juya?"

"Inna."

"To, ta ja wa kanta." Ta cire gashi daga tsinke ta dunƙule. "Ni dai na ce mata ta ƙone su, ta ce yadin ba a samun irinsa yanzu."

"Gwaggo, wa da wa ya sani?"

"'Yar nan, ki ce wa da wa bai sani ba, ya fi sauƙin lissafi. Babanki, Allah ya jiƙansa, ya sani. Kawunki ya sani. Matar mai wankin da ke gabanku ta taɓa shafa cikin tana yi wa Inna addu'a, hannunta ya nutse, ta ce Allah ya raba lafiya, ta wuce. Mace ce mai tarbiyya."

"Sai ni."

"Ke ai don ke aka yi. Mijinki ma an zaunar da shi kafin aure, don kada ya tsinta a titi."

Mijin Auta mai gyaran agogo ne, mutum mai sanyin hali, wanda in an tambaye shi ƙarfe nawa sai ya duba sau biyu. Ta same shi a teburinsa da gilashi a ido ɗaya.

"Baban yara, shekara goma sha uku kana kallona ina ce mata Yaya."

Ya cire gilashin, ya goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Alkawari na yi."

"Wa ka yi wa?"

"Inna."

"Ni kuma me ka yi mini ranar da aka ɗaura aurenmu?"

"Auta, me zai canja? Inna ta riƙe ki kamar ta haife ki."

"Ta riƙe ni. Ban ce ba ta riƙe ni ba."

Ba ta yi nadamar shekara taran jinya ba, ko kwana ɗaya. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ranar da ta durƙusa tana da sha shida tana roƙon a kai ta makaranta, matar da ta haife ta kuma ta kalli bango ta ce ke ce auta. Sai kuma wannan: ita da ta karance cikin rigar kowa a unguwa ta yi shiru, ashe unguwar ma ta karance ta, ta yi mata shirun. Mai gyaran takalma ma, da ya gaishe ta da safe, sai ta tsaya tana nazarin fuskarsa.

Ba ta je gidan Yaya ba, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta wanke siket da riga, ta goge, ta rataye su a juye a kan igiyar da kayan da aka gama suke jiran masu su. Sannan ta aika wa Yaya saƙo a waya: aikinki ya kammala, ki zo ki karɓa.

Asabar uku suka wuce. A ta huɗu Yaya ta zo da ledar lemo. Ta tsaya a bakin shago, ta ga igiyar, ta zauna a kan bencin masu jira ba tare da an ce ta zauna ba. Auta tana kafa kalmasar wani wando, ba ta ɗago ba.

"Akwai al'amura," in ji Yaya da muryar da take yi wa iyayen yara jawabi, "waɗanda yanayi yake tilasta wa iyali."

Auta ta ɗauki wani fil.

"Shekarata goma sha biyar a lokacin."

"Na auna."

"Yaron ɗan ajinmu ne. Iyayensa suka ɗauke shi, ban ƙara..."

"Ban tambaye ki shi ba."

"Ba ni na zaɓa ba. Inna ta ce ko haka, ko in bar makaranta har abada."

"Sai aka samu wadda za ta bar ta a madadinki."

Yaya ta matse ledar lemon har ta yi ƙara. "Da na ɗauke ki gidana, ba zan iya kwana ɗaya ba ban faɗa ba. Shi na ji tsoro."

"Yara nawa kika kora saboda irin wannan siket ɗin?"

"Bakwai." Ta sunkuyar da kai. "Na san sunayensu duka. Na san inda uku suke." Sannan a hankali, "Me kike so in yi miki? Ki faɗa, ko mene ne."

"Ke za ki faɗa."

"Ai kin riga kin sani."

"Kowa ma ya sani. Ba wanda ya faɗa."

Yaya ta buɗe baki. Matar da take tsayar da ɗalibai ɗari shida da tari ɗaya ta kalli bango, kamar dai wancan karon. Auta ta mayar da fil uku bakinta, ta ci gaba da aiki. Ta riga ta yanke cewa in aka sake kallon bango aka tashi, to an tashi ke nan.

Ana cikin haka wata mata ta faɗo shagon tana fifita da mayafi, riƙe da doguwar riga. Baƙuwa ce, ba a taɓa ganinta a layin ba.

"Sannunku. Mai gyara, zif ɗin nan ya ci amanata, gobe kuma nake son sa ta." Ta kalli Auta, ta kalli ta kan benci, ta yi dariya. "Kai, jini ba ya ɓuya. Yayarki ce?"

Auta ta nuna bakinta da yatsa, alamar fil ya hana ta magana. Ta juya ta zuba wa Yaya ido. Daga maƙwabta ana jin gudumar mai takalma.

"A'a," in ji Yaya. Muryar ta fito ƙarama, ba ta taro ba. "Ni na haife ta."

"Ai ga kama nan, har hancin," in ji matar. "Allah ya raya. To, zif ɗin, a canja shi ne ko zai gyaru?"

Ko zama matar ba ta yi ba. Auta ta cire fil ɗin ɗaya bayan ɗaya ta soka a matashi, ta karɓi rigar, ta juya ta, ta ce a dawo da la'asar.

Da matar ta fita, Yaya tana nan zaune, hawaye na sauka kan ledar lemo, ba ta share ba. Auta ta jawo akwatin zif tana neman kalar da ta dace. Ba ta ji sanyin da ta zata za ta ji ba. Ta dai ji an faɗa, kuma a gaban mutum.

"Me zan... me za ki riƙa ce mini yanzu?" in ji Yaya.

"Yaya. Bakina ya saba, ba yau zan saki wannan ba." Ta miƙa mata reza da rigar baƙuwar. "Ki warware mini tsohon zif ɗin. A hankali, kada ki yanki yadin mutane."

Yaya ta karɓa, ta riƙe rezar kamar alli.

"Ba ta nan ba," in ji Auta. "Juya ta."