Kabarin Yaya Haruna a Hanyar Kara

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana, Malam Haruna, kuma ban manta da abin da aka riƙa faɗa kafin ya fara taka dutsen Kara ba. Masu raƙuma sun ce baƙin mutum daga ƙasar Hausa ba zai iya hawa dutsen nan a watannin sanyi ba, wai jininmu na rana ne. Mutanenmu na unguwar Mansur a Makka kuwa, waɗanda ya kamata su tsaya masa, cewa suka yi ba a taɓa sauko da ƙanƙara daga can sama ta iso Makka ba tare da ta zama ruwa ba. Ya hau, ya kuma sauko da ita. Yau ƙasusuwansa suna kwance a gefen wannan hanya, ana shirin fasa wurin da nakiya, na kuwa rasa wanda zai raka ni daga cikin namu in ɗauke su.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Kara dutse ne tsakanin Makka da Ɗa'ifa. Mutum zai bar gari, ya wuce Muzdalifa da Arfa lokacin da babu kowa a cikinsu sai iska, sa'an nan ya fara hawa wasu matakala da mutanen dā suka jera da hannu, har ya kai ƙauyen Hada a can ƙoli. Yaya Haruna yakan hau da kayan 'yan kasuwa, ya sauko da rumman da inabi. In sanyi ya kankama, aka yi ruwan ƙanƙara a Hada, sai ya tara ta, ya danne cikin ƙaiƙayi da buhun gashi, ya kawo wa manyan gidaje. Abin da ya saura yakan bi da shi ɗakunan masu zazzaɓi a unguwarmu.

Ba zan mai da shi waliyyi ba don ya mutu. Mutum ne mai faɗa, mai taurin kai, wanda in ya ce a'a ko mahaifiyarmu ba ta iya juya shi. Ni na bi karatu har na zama magatakarda wajen wani mai yi wa alhazai jagora, shi kuwa har ya bar duniya bai daina kirana Mai Tawada ba. Amma a kan dutse yana da doka guda wadda ba ya wasa da ita.

A ƙasarmu, in damina ta sa hanya santsi, mutum yakan tuɓe takalmi ya rataya, yatsun ƙafa su kama taɓo. Haka iyayenmu suka koya mana, kuma da haka da yawa daga cikinmu suka ƙetaro Barno da Wadai har Bahar Maliya. Saboda haka duk sabon zuwa, da ya ga raɓa ta daskare a kan matakala, hannunsa sai ya tafi ga takalmi. Bai san cewa sanyi yana kashe tafin ƙafa ba, har mutum ya taka gefen rami bai ji ba. Yaya Haruna ya hana. Ya sa kowa ya naɗe takalminsa da igiyar kaba, wanda ya tuɓe kuwa ya koma gida. Na ji shi da kunnena yana gaya wa wani: "Kai, wannan ba taɓon garinku ba ne. Taɓo riƙe ka yake yi, wannan tura ka zai yi."

Ranar da abin ya faru ba na nan, waɗanda suke tare da shi ne suka ba ni labari. Da hantsi ne, suna saukowa. Akwai wani Idrisu a cikinsu, magidanci ne da bai daɗe da isowa ta Sudan ba. Da suka zo wata kwana inda rana ba ta taɓa dutse, ya faki ido ya tuɓe takalmi ya rataya a wuya. Bai yi nisa ba ya sulale da kayansa. Yaya Haruna ya cafko igiyar kayan, ya fizgo shi ya jefa jikin dutse, shi kuma Yaya Haruna nauyin ya tafi da shi. Sun same shi a ƙasa ya cika. Hanya ta daskare, ba dama a ɗauki gawa a kanta, sai suka yi masa salla suka rufe shi a gindin wata bishiya kusa da kwanar. Kowace shekara nakan hau jaki in je in yi masa addu'a, har tsufa ya rage mini zuwa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai ga Kara a yau. Ina jin da sanyin zai fara faɗa, domin shi ma ya sake hali. A zamaninsa in ƙanƙara ta sauka takan kwana biyu a inuwar duwatsu. Yanzu makiyayan Hada sun ce takan makara, in ta zo kuma kafin azahar ta narke, ruwan ya gangaro ya tumɓuke matakala. Ba mai gyarawa, tun da motoci sun ɗauke fatauci sun bi ta hanyar Sail. A Makka inji ke yin ƙanƙara, mai zazzaɓi ba ya jiran kowa ya sauko daga dutse. Wannan alheri ne, ban ƙi shi ba. Titin da za a fasa ta Kara shi ma alheri ne. Sai dai wani makiyayi da ya san ni ya zo har gida ya gaya mini cewa jan fentin da ma'aikata suka shafa a duwatsu ya bi ta gindin bishiyar nan daidai.

Na tambayi malamai, suka ce in akwai larura irin wannan ya halatta a ɗauke mamaci a sake masa makwanci. Abin da ya rage shi ne hannuwa. Na fara da Idrisu, wanda yanzu Alhaji ne mai babban kanti a unguwar Misfala. Ya tarbe ni da shayi, ya yi wa marigayi addu'a mai tsawo, sa'an nan ya nuna mini gwiwoyinsa. Ya ce zai aiko da farin yadi mai kyau. Yana da 'ya'ya maza manya a cikin kantin, bai dubi ko ɗaya daga cikinsu ba, ni ma ban roƙa ba.

Daga nan na je wurin Abdullahi, ɗan marigayin na cikinsa, direban babbar mota. Na yi masa magana da Hausa, ya amsa mini rabi da Larabci. "Ma'alesh, ya ammi," in ji shi, wato ka yi haƙuri, baffa, "Baba ya riga ya tafi. Ƙasa duk ta Allah ce." Na ce masa na san wannan tun kafin a ɗaura auren uwarsa, kuma ba fatawa na zo nema ba, ɗa na zo nema. Ya sunkuyar da kai, ya ce lokacin aiki ne.

To, me ya saura na Haruna? Sana'arsa ta mutu, hanyarsa tana mutuwa, igiyar kaba a takalmi ba wanda ya san dalilinta. Abin da na ga ya saura shi ne samarin nan 'ya'yan Idrisu da ke auna shinkafa a kantin Misfala, waɗanda aka haifi rabinsu bayan ranar da ya ceci ubansu, kuma na tabbata ba a taɓa gaya musu sunansa ba.

Na yi magana da mutum biyu daga makiyayan Hada, waɗanda ba danginsa ba ne, ba kuma yarensa suke ji ba, sun yarda za su yi tonon. Jaki ma na samu. Ina roƙon mai wannan jarida ya buga ranar yadda na faɗe ta, don kada wani ya zo daga baya ya ce da ya sani da ya je. Zan tashi daga ƙofar gidana a Mansur bayan sallar asuba, ranar Alhamis ta farko a watan Rajab mai zuwa.