Jar Motar Kawu

Jiya a Akokan na ji ƙugin wata mota, sai marigayi kawuna ya faɗo mini a rai. Da kasuwar uraniyom ta faɗi, wani Bature mai komawa gida ya sayar masa da 'yar jar motar tsere, irin wadda kaɗan aka ƙera. Kawu ya ɗaga ta, ya sa mata manyan tayoyi, kullum hannunsa na warin baƙin mai.

Lokacin tawaye direbobi suka ƙi hanyar Gougaram, innata kuwa tana can ba lafiya.

Na ce, "Kawu, za ta kafe a rairayi."

Ya ce, "Sai mu haƙa. Shiga."

Muka kafe, muka haƙa, muka kawo inna asibitin Arlit da ranta.

Allah ya haskaka kabarinsa.